Shekarar da Na Sabunta wa Mamaci Izini

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Ranar da aka fara zuba mini manhaja a waya, a tsaye na riƙe wayar tun daga rumfa har gida, hannu bibbiyu, ina takawa a hankali kamar wanda aka aika sayen koko, wai kada abin ya zube a hanya. A lokacin da furfura a gemuna. Mutumin da ya yi wannan shi ne yau kuke cika wa rumfa kuna cewa, "Baba Ɗanlami, wannan aikin naka ai dannawa ce kawai." To ku gyara zama. Dannawa ce, ban musa ba. Bindiga ma dannawa ce.

Karatuna bai wuce allo da 'yan azuzuwan firamare ba, su ɗin ma rabinsu a gonar gyaɗa na yi su. Da gyaran rediyo na fara cin abinci. Da rediyo ta ja baya na koma cajin waya da janareto, da sola ta shigo kowane gida na koma tura wa mutane wa'azi da waƙa a memori. Duk sana'ar da na kama sai ta tsufa a hannuna, har abokan wasa suna cewa kada a bari in taɓa noma, kada gero ya daina fitowa.

Wadda ta koya mini wannan aikin Hajara ce, 'yar ƙanena, wadda ni na tauna mata dabino ranar da aka haife ta. Ta yi karatun kwamfuta a birni, ta dawo ƙauyenmu na gabas da Minjibir da wata dabara. Kun san yadda gonakinmu suke, kamar haƙora, wannan a jikin wannan. In ka yi atishawa a taka, dawar maƙwabci ce za ta motsa. Iyaka kuwa ba ta wuce kunya ɗaya ba, ko tushen gamba, ko layin aguwa. Akuya ta ci, ruwa ya share, tsohon da ya sani ya mutu, sai rigima. Sai Hajara ta haɗa manhaja ta sa mata suna Iyaka. Mai gona da maƙwabcinsa su taka iyakar tare, a ɗauki hoton kowace alama, kowannensu ya faɗi da bakinsa cewa nan ne, muryar ta zauna a ciki. Ta so a riƙa ajiye kwafi a wani wuri, dattawa suka ce atafau. Gonar ubansu ba za ta je ta kwana a hannun wanda ba su sani ba. Kowa gonarsa a aljihunsa. Haka aka yi, abin da ke cikin waya yana cikin wayar nan kaɗai.

Wayoyin kuma 'yan garinmu mazauna birni ne suka tattaro tsofaffin nasu suka aiko, irin masu hoton tuffa a ƙeya. Ita irin wannan wayar ba ta karɓar baƙo ta bayan gida. Ko dai manhaja ta fito daga babbar kasuwarsu, ko kuma ta zo da takardunta. Tamu ta ƙauye ɗaya ce, ba ruwanta da kasuwar duniya, don haka hanyar takardu muka bi. Takardun nan su ne sana'ata.

Abu uku ne, kuma sai da Hajara ta kusa yi mini kuka kafin su zauna a kaina. Na farko sunan yanka. Ba Iyaka da kuke gani a ƙarƙashin hoto ba, wannan sunan kira ne, ana iya canza shi gobe. Akwai wani dogo a ciki mai ɗigo-ɗigo, wanda yake farawa daga dangi ya sauko kan mai sunan, kamar a ce wane gari, wane gida, ɗan wa. Da shi waya take gane manhaja. In ka kawo sabuwa da sunan tsohuwa, sai ta hau kanta ta gaji duk kayanta. In harafi ɗaya ya bambanta, baƙuwa ce, ɗaki daban za a ba ta, fanko. Na biyu hatimi. Ba na roba da tawada ba, ba ya ganuwa. Rabinsa mabuɗi ne da ke kwance a cikin kwamfutarmu, rabinsa satifiket ne da kamfanin wayar ya bayar cewa ya san mu. Kamar dai tsagar da ake yi wa akuya a kunne, kowa ya gani ya san daga gidan da ta fito. Na uku takardar izini, wadda 'yan boko ke kira furofayil. Ita ce mai ɗaura auren: wannan sunan, da wannan hatimin, an yarda su zauna a waɗannan wayoyin, ga lambar jikin kowace. Wayar da lambarta ba ta ciki, ko ta dagaci ce, ba za ta buɗe ba. Kuma izinin na shekara ne. Ranar da ya cika, ka taɓa manhajar, ta yi maka fari da ido ta rufe.

Na tambayi Hajara, "In ta rufe, kayan ciki sun tafi ke nan?"

Ta ce, "Suna nan, Baffa. Ƙofa ce kawai aka kulle. Amma duk wanda ya goge ta, ya rushe ɗakin da kayan. Maimaita."

Na maimaita.

"Sake maimaitawa."

"Ke, ni fa na goya ubanki."

"Shi ya sa shi ma ba ya ji. Maimaita, Baffa."

Haka na yi ta zama a gefenta damina da rani. Turancina bai cika cokali ba, sai na haddace wuraren dannawa yadda makaho ke haddace hanyar masallaci. Lambar jikin waya doguwa ce kamar zaren saƙa, haruffa da lambobi a cakuɗe. Sau ɗaya na gwada kwafe ta da ido, na ci wata lamba a tsakiya, muka ɓata gurbi guda na takardar izini a banza. Guraben ƙidayayyu ne, kuma wanda ka cike ya ciku sai wata shekarar, ko da ka cire mai shi. Tun ranar ban ƙara yarda da idona ba, sai in jona kebul kwamfuta ta karanta da kanta. Da Hajara ta yi aure ta tare a Ungogo, ta bar mini tsohuwar kwamfutar, ta ce ko gobara ta tashi in fara fitar da ita kafin buhun gero, don mabuɗin yana ciki.

Kayan aikina ke nan: kwamfutar, kebul guda biyu don ɗaya munafuki ne, farantin sola, tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace na share ƙofar caji, sai tabarau. Kowace shekara in an gama sussuka, tun kafin izini ya cika, Hajara ta sabunta hatimi, ni in duba wayoyin da ke cikin takarda, a buga wa manhaja sabon izini, sannan in ɗaure kwamfuta a bayan keke in bi gida-gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai masu ba ni fura, akwai masu ɓuya don suna tsammanin haraji ne. Akwai wani Alhaji da kullum sai ya ce in juya baya kafin ya danna lambar sirrinsa, alhali yana dannawa yana faɗinta da ƙarfi.

Shekarar da nake son ba ku labari, ana shirin zagayen nan Isiyaku ya rasu. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba tare da ya haɗa da zagi ba. Kwanciyar kwana kaɗan ya yi. Aka tattara kayansa, riguna da carbi da waya, aka kulle a akwati, don kun san ba mai taɓa kayan mamaci sai an zo rabon gado. Matarsa Delu ta shiga takaba. Na yi zagayena, na zo ƙofar gidan na yi gaisuwa na wuce. Wa zai ce a buɗe akwatin mamaci don zai jona kebul?

A wajen sabunta takarda ne kaɗai ake iya cire wayoyi a samu gurbi. Tun kafin in fita zagayen, shugaban ƙungiyarmu ta manoma ya zo rumfa ya ce, "Ɗanlami, cire na Isiyaku ka sa ƙanena. Mamaci me zai yi da izini?"

Na ce to. Na kai yatsa kan sunan, sai na ji kamar yana tsaye a bayana yana cewa, "Taɓa ka gani, ɓarawon batir." Na janye hannu. Na gaya wa shugaba sabis ya ɗauke. Ya dawo washegari, na ce kwamfuta na zazzaɓi. Har aka rufe takardar da sunan Isiyaku a ciki, gurabe suka cika, ƙanen shugaba bai samu ba, shugaban ya daina amsa mini gaisuwa. Yanzu mutane suna cewa hangen nesa na yi. Ku kada ku yarda. Tsoro ne.

Da aka fara sharar gona sai magana ta tashi. A gefen gonar Isiyaku ta yamma akwai wata ɗorawa, babba, wadda da kalwarta Delu take yin daddawar da take riƙe gida. Maƙwabcinsu Ɗan'azumi ya zo ya share har gindinta, ya wuce ta da kunya biyu, ya sa yaransa suka fara kaɗe 'ya'yan. Ya ce tun zamanin kakansa tasu ce, ara wa Isiyaku aka yi. Delu tana ɗaki ba ta fita. Dagaci ya ce a kawo shaida kafin ruwan shuka, domin a al'adarmu in iri ya shiga ƙasa ba a tone shi, wanda ya shuka shi zai girbe, shari'a sai bayan kaka. Wanda kuma ya girbe wuri sau ɗaya, fitar da shi sai Allah. Ga gabas kullum da yamma tana haɗa fuska.

Shaidar kuwa tana cikin wayar Isiyaku, sai dagaci ya ba da izinin a buɗe akwati a gaban magada a ɗauko wayar kaɗai. Ranar ina kasuwar Minjibir neman kan caja. Ina cikin ciniki wata mai kayan miya 'yar unguwarsu ta ce, "Af, Baba Ɗanlami, kana nan? Ai Sabi'u ya wuce tasha da wayar babansa, wai za a wanke ta."

Sabi'u babban ɗan Isiyaku ne, direban adaidaita a birni, yaron kirki amma komai nasa da gudu. Kun san maganin masu gyaran tasha guda ɗaya ne. Waya ta yi tari, filashin, wato a goge duk abin da ke cikinta. Ta yi atishawa, filashin. Na bar canjina a hannun mai caja na haye keke. Keken nan ba shi da birki, da silifa nake tsayar da shi, ranar kuwa sai da silifar ta yi hayaƙi. Na ratsa 'yan awaki, na ture wa wani tiren goro, ana zagina ina cewa na gode.

Na tarar wayar tana kan teburi an riga an jona ta, ta farfaɗo, mai gyara ya ɗaga yatsa. Ban yi sallama ba, na cafke kebul ɗin na fizge.

"Kai Baba, lafiya?"

"Ita ta kawo ni. Me za ka yi mata?"

"Kulle take, bai san lambar ba. Ya gwada ya gwada har ta fara ba shi hutu. Wankewa za mu yi ta dawo sabuwa fil."

Na juya wajen Sabi'u. "Sabuwa kake nema ko ubanka?"

Ya ce, "Kawu, hadari fa. Yau in ba a kai wa dagaci ba shi ke nan."

"In aka wanke ta me za ka kai masa? Madubi?"

Sabi'u ya ɗauke wayar daga kan teburi. Mai gyaran, Allah ya yi masa albarka, bai yi gardama ba, har ya ara mana batirin tafi-da-gidanka don kada ta mutu a hanya. Muka ɗora kekena a adaidaita, muka biya rumfa na ɗauki kwamfuta, muka nufi gidansu.

Lambar sirri kuma ashe tana wurin Delu, don idon Isiyaku ya yi rauni, ita take danna masa. Na tsaya a soro, wata maƙwabciya ta shiga da wayar. Ina jin muryarta daga ciki tana cewa, "Ɗanlami ne? Ku ce masa in ya lalata ta, shi zan sa ya riƙa haifa mini kalwa."

Na ce, "A gaya mata na ji, Allah ya ba da haƙuri."

Wayar ta dawo a buɗe. Na taɓa Iyaka, ta yi fari ta rufe, kamar yadda na zata. Sabi'u ya ce innalillahi. Na ce ya ajiye salatinsa zai yi amfani nan gaba. Na shimfiɗa tabarma a soron, na share ƙofar caji da tsinke, na jona kebul mai gaskiyar. Na duba sunan yanka sau biyu da tabarau, ɗigo bayan ɗigo, don in na ɗora wadda ba ita ba, fanko za mu samu. Na duba takardar bana, ga lambar Isiyaku tana zaune daram. Na yi bisimilla na danna. Sabuwar ta hau kan tsohuwar lafiya lau.

Na miƙe ƙafa, na gyara hula, na ce wa mutanen da suka taru su matso su ga aiki. Na taɓa.

Ta yi fari ta rufe.

Na sake taɓawa. Ta rufe. Wani daga baya ya ce, "Dama an ce duk abin da ya taɓa sai ya mutu." Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, ana jin ƙamshin ƙasa daga nesa. Na san suna daidai ne, hatimi daidai, izini daidai. Ilmina ya ƙare a nan, kuma wannan ma ku riƙe: in naka ya ƙare, ka tsaya. Mai ci gaba da dannawa bayan ilminsa ya ƙare shi ne mai rusa ɗaki.

Na kira Hajara, tana jego a lokacin, jariri na tsala ihu a kunnena. Na zayyana mata komai. Ta ce, "Baffa, wata nawa ta yi a kashe?"

"Tun rasuwar."

"Duba kwanan watanta."

Na duba. Wallahi wayar nan ta koma wata shekara tun ina saurayi, tun ba a haifi uwar Hajara ba ma ina jin. Batir ya mutu murus, agogonta ya manta duniya, kuma layin ciki an daɗe da rufe shi. Hajara ta ce, "To ka gani. A lissafinta ba a yi hatimin nan ba tukuna, ta yaya za ta yarda da shi? Sa mata layi mai rai ka kai ta inda akwai sabis, za ta gyara kanta."

A unguwar su Isiyaku sabis mai ƙarfi wuri ɗaya yake, kan wani suri a bayan makarantar firamare. Na cire layina na sa mata, na tattare riga na hau surin nan da tsufana, na ɗaga waya sama kamar mai kiran ruwa, alhali roƙo nake ya dakata. Gara ta shiga mini wando. Ban sauko ba sai da na ga agogo ya yi tsalle ya dawo yau. A kan surin na taɓa Iyaka. Ta buɗe. Ga hoton ɗorawa.

Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Namiji da gemu. Har yau matan unguwar suna kwaikwayona.

A gindin ɗorawar aka taru, dagaci da Ɗan'azumi da Sabi'u da rabin gari, sama ta yi baƙi ƙirin. Delu ba ta fita, sai aka kira wayar maƙwabciyarta aka bar ta a buɗe don ta ji daga ɗaki. Na jona 'yar lasifikata ta zamanin tura waƙa, na danna.

Muryar Isiyaku ta fito tar, har da tarinsa. "Ni Isiyaku, ga ni ga Ɗan'azumi. Daga tushen gambar nan zuwa ɗorawa, ɗorawa tana cikin tawa. Haka ne, Ɗan'azumi?"

Sai muryar Ɗan'azumi, ba ta wani ba: "Haka ne, taka ce. Sai dai a riƙa sammana daddawa."

Aka fashe da dariya. Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa, ya ce shekaru ne, mantuwa ce. Muka bi sauran alamomin har ƙasa, a can kuma aka ji Isiyaku da bakinsa yana cewa kunyar ƙarshe ta wajen kwari ta Ɗan'azumi ce, wadda su Sabi'u suka daɗe suna shukawa ba su sani ba. Dagaci ya ce to, kowa ya karɓi nasa. Aka kafa aguwa a take, aka sa yaran Ɗan'azumi su mayar da buhunan ɗorawar da suka kaɗe ƙofar gidan Delu. Ta cikin wayar maƙwabciya muka ji Delu ta ce alhamdulillahi. Daga wannan shekarar ne dattawa suka yarda a riƙa ajiye kwafi, kuma dagaci ya ce duk wanda ya rasu, a kira ni in ga wayarsa kafin a rufe akwati.

Mutane sun fara watsewa don yayyafi ya soma, ina naɗe kebul, ashe ban tsayar da muryar ba. Ranar da suka taka iyakar ni na riƙe musu wayar, ashe akwai saura a ƙarshe, bayan an gama, lokacin da nake tsammanin na kashe. Aka ji takunmu a kan karmami, aka ji Isiyaku yana haki, sannan ya ce:

"Kai ɓarawon batir. In na riga ka tafiya, wannan abin naka gaskiya zai faɗa, ko irin taka?"

Nan muryar ta yanke.